Maɓallin ƙarfe na wandon jins: wanne ya kamata ka saya in kai ne mai ɗinkin?

Ɗinkin jins ya fara shigowa hannun telolinmu sosai a nan Garwa da Marwa har Gaundare, samari sun gaji da tonon gwanjo suna neman wanda zai zauna musu a ƙugu, sai mutum ya yanko yadinsa ya kawo, wasu matan ma a gida suke ɗinka wa yaransu da kekensu. To amma abin da ke ban haushi shi ne za ka ga ɗinki ya fita tsaf, zaren nan ruwan ɗorawa ya kwanta layi biyu, aljihu ya zauna daram, sai a zo wajen maɓalli a sa wanda aka samu kawai, wata ɗaya biyu ya fice ko ya yi tsatsa, mai wando kuma ba zai ce maɓalli ne ba shi da kyau ba, cewa zai yi tela bai iya ba.

Irin maɓalli na farko kuma wanda ni shi nake sawa a gaba shi ne mai ƙusa, irin wanda ke jikin kusan duk jins na kamfani. Gida biyu ne, akwai kan maɓallin da ake gani a waje, akwai 'yar ƙusa mai faffaɗan kai da ke shigowa ta cikin wando ta huda yadi ta shige cikinsa, a buga da guduma su cije juna, shi ke nan babu zare babu allura. In ya zauna ya zauna, ba ya kwancewa sai dai a datse shi da filaya. Yawancin masu saye fuskar suke kallo, wai wannan ya fi sheƙi wancan yana da tauraro, alhali aikin duk a baya yake. In ka shiga shagon kayan ɗinki ka ce Alhaji don Allah buɗe min leda ɗaya in ga ƙusar, ka juya maɓallin ka leƙa ramin. Wani cikinsa roba ce wani kuma ƙarfe ne zalla. Mai roba ba laifi ba ne fa, in robar mai tauri ce ta kirki tana kama ƙusa da kyau kuma ya fi sauƙi ga mai bugu da hannu, matsalar ita ce irin mai arahar nan da robar ke tsagewa tun a bugun farko, za ka ji maɓallin yana kaɗawa ƙwal ƙwal a hannunka tun kafin a sa shi. Mai ƙarfe zalla ya fi jure dutsen guga na gawayi da wankin ƙarfi amma yana son bugu saiti, in hannunka ya karkace ƙusar ta lanƙwashe a ciki. Ita ƙusar kuma ka taɓa jikinta da farce, ta kirki tana da ɗan gaba-gaba ko zobe-zobe a jiki wanda shi ne ke riƙewa, wadda take sumul kamar an goge ta ba ta da abin da za ta kama da shi.

Sai maganar ƙarfen kansa, kuma nan ne kuɗi ke bambanta. Akwai na tagulla, akwai na tutiya da aka narkar aka yi zubinsa, akwai na baƙin ƙarfe da aka shafa wa ruwan azurfa ko na zinare a sama. A ido duk ɗaya suke ranar saye. Ka tafi kasuwa da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar sifika ma ya isa, in ya manne wa maɓallin caraf to baƙin ƙarfe ne, tagulla da tutiya ba sa mannewa. Wani zai ce ai garinmu busasshe ne me zai kawo tsatsa, ya manta zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, gumi kuma gishiri ne, ƙusar nan tana manne da ciki tun safe har dare, ga jiƙa wando da omo a bar shi a bokiti ya kwana. Baƙin ƙarfe ba ya jure wannan, sai ka ga jan tabo ya zagaye maɓalli ya ci yadin, kuma tabon tsatsa a jins mai haske sai dai haƙuri. Tagulla ba ta yin jan tsatsa, duhu kawai take yi da tsufa, ni ma dai ya fi min kyau a hakan. Tutiya ita ma ba ta tsatsa kuma ta fi araha, aibinta shi ne ba ta lanƙwasa, karyewa take yi in bugu ya yi yawa. Kar kuma ka gwada kan maɓalli kaɗai ka manta ƙusa, don sau da yawa kan na tagulla ne ƙusar kuma baƙin ƙarfe, gara ƙusar alminiyam ko ta jan ƙarfe.

Akwai wani abu da mutane ke ɗauka ƙurajen zafi ne, ƙaiƙayi da jan fata a ƙasan cibiya daidai inda bayan maɓalli ke taɓawa. Sau da yawa sinadarin nikel ne da ake shafe ƙarfe da shi, jikin wasu ba ya ɗaukarsa, shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa masa doka tun 1994 a kan kayan da ke daɗewa manne da fata. In kwastoma ya ce yana da wannan, ka ɗinka ɗan ƙyalle ta ciki ya rufe kan ƙusar, mata kuma sukan shafa wa kan ƙusar jan farce marar kala amma wannan wanki kaɗan ya goge.

Girma kuwa, na ƙugun wandon babba milimita 17 shi ne aka fi yi, 14 ko 15 na jerin gaba ne in ba zif za ka sa ba, ko rigar jins ko wandon yara, 20 kuma sai mai son a gan shi. Ka sayi maɓalli kafin ka yanka gidansa, ba a yin gida sannan a je neman mai shiga. Gidan ya ɗara faɗin maɓallin da kamar milimita 3 zuwa 4 saboda kauri, ka gwada a guntun yadi tukuna. Abin da ya fi girman fuska muhimmanci shi ne tsawon ƙusa da kaurin ƙugun da ka ɗinka. Ƙugu yadi biyu ne da gam a tsakani, wato ƙyallen nan da ake manna wa yadi don ya tsaya, amma can bakinsa inda aka naɗe ya kan kai ninki huɗu, in ƙusa gajera ce ba za ta kai inda za ta cije ba, in kuma yadin marar nauyi ne irin mai roba-roban nan na mata, ƙusar ta yi tsawo, maɓallin zai riƙa lilo yana cin ramin har ya faɗaɗa ya fice da ƙusarsa gaba ɗaya. Maganin na biyun sauƙi ne, ka yanko ɗan guntun jins ko fata ka sa ta ciki ƙusar ta bi ta cikinsa. Na farkon kuwa sai dai ka sake saye, don haka ka tafi shago da guntun ƙugun da ka naɗe yadda zai kasance, ka soka ka gani da idonka.

Irin maɓalli na biyu shi ne mai noti, wato wanda ake ɗaure shi ta baya da sukundireba. Wannan ya dace da wanda ba shi da guduma ko yake tsoron ɓata yadi, kuma ana iya kwance shi a matsar, ga yaro mai girma ko mutumin da ƙugunsa na bayan azumi daban da na bayan babbar sallah. Amma yana da hali biyu da ban so. Ƙafarsa ba ta da tsini kuma ta fi ƙusa kauri, dole ka yi rami babba, rami babba kuma a jins shi ne mafarin zarewar zare. Sannan yana kwancewa da kansa a hankali wajen wanki da murzawa, ranar da zai faɗi ba zai yi sallama ba. In shi ka zaɓa ka ɗiga ɗan gam a bakin notin kafin ka ɗaure, ka san dai in ka sa gam mai ƙarfi ka rasa amfanin kwancewar da ka saye shi dominsa. Kuma ya fi mai ƙusa tsada, tela mai ɗinki da yawa ba zai ci riba da shi ba.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Mai fil da ake tallarsa a waya, wanda ake sokawa a maƙale ta baya kamar baji, na rage ƙugun wandon da ya yi yawa ne na kwana biyu, fil ɗin siriri ne yana lanƙwashewa, in maƙalin ya fita kuma cikinka zai soka. Mai taɓawa, wato wanda ake dannawa ya ce ƙas, yana da kyau a wandon ƙananan yara don su iya buɗewa da kansu in fitsari ya matsa, amma babba ya sa shi ya hau mashin ko ya zauna tahiya sai ya ji ya ɓalle. Na ƙarfe mai kunne a baya da ake ɗinkawa da zare shi ne mafi sauƙin samu, yana yi a yadi marar nauyi, sai dai bakin kunnen na cin zare a hankali, in za ka sa shi ka nemi zare mai kauri irin na dukawa.

Kayan aiki ma saye ne, to a yi lissafinsu. Mai wando ɗaya ko biyu guduma da basilla sun ishe shi. Ka rufe zif ka kwantar da ƙugu yadda zai zauna a jiki, ka sa alli ta cikin gidan maɓalli ka yi alama a can ƙarshensa na waje inda maɓalli ke tsayawa in an ja, ba tsakiya ba. Ka huda da basilla kana murzawa don ta raba zaren yadin ba ta yanke shi ba, almakashi ko reza kar su zo wurin. Ƙusa ta shigo ta ciki, ka ɗora maɓalli ka danna da yatsa ya ɗan kama, sai ka kifa fuskarsa a kan guntun fata bisa abu mai tauri, gindin turmi da aka kife ya yi, tayil kam fashewa zai yi, tabarma a kan yashi kuma shanye bugun take. Ka bugi kan ƙusar a miƙe, bugu matsakaici ka duba ka ƙara, ba irin na mai faskare ba. In ya zauna ka sa yatsu ka ja da ƙarfi, in akwai rata tsakaninsa da yadi ka ƙara ɗaya. Tela mai shago kuwa da jins ya zame masa sana'a, injin matsi na hannu ya fi masa, amma ka sani kowane irin maɓalli da nasa bakin da ake ɗaura wa injin, kar ka sayi inji a Mubi ko Kano ka dawo ka tarar bakin bai dace da maɓallin da ake samu a garinku ba, ka saye su tare. Wanda ke Marwa kuma ga dukawa da masu takalma nan, da yawansu suna da abin huji da na matsi, ka kai musu su buga maka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Tunda ka je shagon ka haɗa da ribit, ƙananan ƙusoshin bakin aljihu, kalarsu ta zo ɗaya da maɓalli. Su ne ma asalin jins, wani tela Jacob Davis a garin Reno na Amurka shi ya fara sa su a wandon ma'aikata don aljihu ya daina yagewa, shi da Levi Strauss mai sayar masa da yadi suka yi musu rajista ranar 20 ga Mayu 1873. Aljihun gaba kawai za ka sa wa. Kamfanin Levi's da kansa ya rufe na aljihun baya da yadi a 1937 saboda suna karce kujeru da sirdi, daga baya ma ya cire su ya koma ɗinki mai kauri, to kai ma ka tausaya wa kujerar mashin ɗin mutane. Ƙafar ribit in ta yi tsawo ana datse ta a bar kamar milimita 1 zuwa 2 a saman yadi kafin a buga.

Wajen adadi, kar ka sayi ɗaya don wando ɗaya ne, ka ɗauki uku ko huɗu, na farko a guntun yadi za ka gwada shi, kuma ka ƙirga ƙusoshin a gaban mai shago don leda kan zo da kai goma ƙusa takwas. Mai saye da yawa ya fara ɗaukar dozin ya gwada kafin ya ɗauki fakiti. Na jikin tsohon jins na gwanjo kuma kar ka wahalar da kanka ciro shi, ƙusar ta riga ta mutu a ciki ba za ta sake kamawa ba. Masu tambarin manyan kamfanoni da suka cika kasuwa yawanci jabu ne, ni dai gara marar rubutu na tagulla milimita 17 mai ƙusar alminiyam ko jan ƙarfe, in kuma wandon yaro ne mai noti ko mai taɓawa.