Jalsa 24 a akwatin haske bayan sankarar mama

Shekara ɗaya da rabi da gama jinyar sankarar mama, sai fata ta taso ni gaba. Tabo masu farin ɓawo suka fito a gwiwar hannu da ƙeya, suka bazu har gadon baya. Idan na cire abaya da yamma sai in ga ɓawon a cikinta kamar an barbaɗa fulawa. Likitan fata a nan Jidda ya ce sadafiyya ce, wato soriyasis. Wata uku ina shafa mai, na hannu ya lafa, na baya ko gezau.

Da ya ambaci maganin haske, gabana ya faɗi. Mako biyar na yi ina kwanciya ƙarƙashin injin gasa ƙwayoyin sankara, wato kansa, ban manta ba. Na ce, "Likita, ni da aka gasa, a sake mayar da ni?" Ya ce, "Hajiya, zauna ki ji." Wancan injin haskensa ratsa jiki yake yi har cikin nama. Wannan kuwa wani siririn yanki ne na hasken rana da ake kira UVB, mai tsawon zango nanomita 311 a ma'aunin haske, kuma a saman fata yake tsayawa. Akwai tsohuwar hanya mai suna PUVA, wadda ake shan ƙwayar soralin kafin a shiga haske. Ita ce aka tabbatar tana ƙara haɗarin kansar fata idan jalsa, wato zaman shan hasken, ta yi yawa, ya ce ba zai ba ni ita ba. Abin da ya sa ya karkata ga UVB shi ne ƙwayoyi irin su saikulosiforin suna raunana garkuwar jiki gaba ɗaya, likitoci kuma na ɗari-ɗari da su ga wanda ya taɓa yin kansa.

Abin da ya kwantar min da hankali ya fi bayanin nan. Bai fara ba sai da na kawo takarda daga likitar kansata. Ya tambaya ko ni ko wani a dangi ya taɓa yin melanoma, wata muguwar kansar fata, ko ina da lufus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita, ya sa na juye jakar magungunana a tebur don wasu suna sa fata saurin ƙonewa. Wata likita mace ta duba kowane tawadar Allah a jikina da madubi mai fitila. Duk wurin da ya tsallake wannan, ni dai ba zan shiga akwatinsa ba.

Akwatin tsaye yake kamar wadirof, fitilu dogaye sun kewaye shi. A ba ki baƙin tabarau, ki tsaya. Jalsar farko ba ta kai minti ɗaya ba, har na tambayi nas ko injin ya lalace. Sau uku a mako, ana ƙara daƙiƙoƙi kaɗan-kaɗan. Gefen ƙirjin da aka gasa kullum a rufe yake da kyalle mai kauri, domin fatar wurin ta riga ta sha nata. Ɗigon shuɗin da aka yi min lokacin gashi suna nan ba su goge ba, da su muke gane iyakar da za a rufe. Ranar farko da nas ta ɗora kyallen a kansu sai da na yi hawaye.

Inda suka ɓata min rai: mun tafi Madina ziyara na rasa kwana goma, da na dawo wata sabuwar nas ta ci gaba daga inda aka tsaya, alhali ƙa'ida a rage bayan an yi fashi. Da daddare bayana ya ɗau zafi kamar na jingina da murfin tukunya. Washegari ta duba ta ce ba ta ga ja ba. To ina za a ga ja a fatata? Mu baƙaƙe zafi da ƙaiƙayi ne shaidarmu, sai mun buɗe baki mun faɗa. Likitan ya ba da haƙuri, ya dakatar da ni kwana huɗu, aka koma baya.

Wajen jalsa ta 15 ɓawon ya fara zuba bai dawo ba. Na ƙara duhu, wuraren tabon sun bar inuwa, fata ta bushe sai da man shafawa safe da dare. Zirga-zirgar ma aiki ce, 'yata ce ke kai ni kafin ta wuce makaranta, tana cewa "Umma, yi sauri kafin cunkoso." Wata ƙawata a Makka ta turo min tallan fitilar gida daga intanet, na nuna wa likita ya ce in ajiye kuɗina, ba wanda zai auna min adadin hasken.

Sun ba ni kati mai lissafin jalsata duka, na haɗa shi da fayil ɗin jinyar sankarata. Bayan wata shida zan koma a sake duba fatar daga kai har tafin ƙafa.