Tebur daban ko gurbin JSON? Amsa ga mai manhajar manoman shinkafa

Ɗan'uwa da ya yi tambaya daga Argungu, ka ce kana gina wa ƙungiyar manoman shinkafa manhaja. Kowane manomi yana da gonaki, da buhunan takin da ya karɓa bashi, da abin da ya biya bayan girbi. Tambayarka ita ce: a rumbun bayanai (database), inda ake jera bayanai a tebura masu layuka da gurabe, shin a dunƙule su a gurbi ɗaya na JSON (tsarin rubuta bayanai iri-iri a ƙunshi ɗaya) cikin layin manomin, ko kowanne a buɗe masa teburinsa?

Bashi da biya, don Allah ka ba su nasu teburin. Ranar da shugaban ƙungiya zai tambayi buhu nawa ake bin manoman Augie gaba ɗaya, da tebur umarni ɗaya gajere ya isa. Da JSON kuwa sai an kwance ƙunshin kowane manomi kafin a tara. Tebur yana hana a ɗora bashi a kan lambar manomin da babu shi, amma cikin JSON rumbun bayanai ba ya duba wannan alaƙar, kuma ko an rubuta "goma" a wurin 10 zai karɓa shiru. Ga wanda ya fi damuna: idan akawu biyu suka ɗauko ƙunshin manomi ɗaya, kowa ya gyara ya mayar, na ƙarshe yana iya shafe aikin na farko. Kuɗin mutane ne fa.

JSON yana da amfani inda bayanai ba su da siffa ɗaya. Mai noman rani a fadama yana da injin ban ruwa da rijiya da kuɗin fetur, mai noman damina ba ruwansa da su. Maimakon gurabe barkatai da yawancinsu fanko ne, ajiye bayanin gonar a ƙunshe, tunda tare ake karanta shi.

Idan rumbun bayanai na PostgreSQL kake amfani da shi, yana da nau'in gurbin JSON iri biyu: ɗauki jsonb da ya zo da siga 9.4 a 2014, ka bar json na 2012, domin jsonb ne ke karɓar fihirisar GIN mai saurin bincike. Sai dai gyara lamba ɗaya a ciki yana sa a sake rubuta ƙunshin duka, don haka kada ya yi ƙato. Rumbun bayanai na MySQL ma yana da nasa gurbin JSON tun siga 5.7.

Duk abin da ka ga ana yawan tambaya a cikin ƙunshin, kamar girman gona, ciro shi ka ba shi gurbinsa.