Suwaitar da Na Sa Aka Saƙa wa Mahaifina a Unguwar Rogo

Duk wanda ya taɓa fita sallar Asuba a Jos tsakanin Disamba da Janairu ya san cewa sanyin wannan gari, wanda ke kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, ba ya barin dattijo ya fita da jamfa kaɗai. Mahaifina dogo ne siriri, kuma tsufa ya ɗan ranƙwafar da bayansa. Mun daɗe muna saya masa rigunan sanyi a wajen 'yan gwanjo na Kasuwar Katako, amma wadda ta yi masa daidai a ƙirji sai hannunta ya gaza, wadda hannunta ya kai kuwa sai ta yi masa yawa, iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Saboda haka bana na kai aikin wurin wata baiwar Allah mai saƙar kibiya a Unguwar Rogo.

Abin da ya fara burge ni shi ne ta ƙi karɓar awo ta waya. Ta zo gida da kanta, ta gaishe shi, ta miƙo mini tef ɗin awo, ta tsaya daga gefe tana faɗa mini inda zan ɗora, kuma ta nace a auna shi da jamfarsa a jiki, tunda a kanta zai riƙa sa rigar. Da ta lura da ranƙwafawar, sai ta ƙara inci biyu a tsawon baya fiye da na gaba, don kada ƙugunsa ya buɗe idan ya yi ruku'u. Sannan ta tambaye shi: "Baba, in za ku yi alwala, cire rigar kuke yi ko naɗe hannun?" Ya ce naɗewa yake yi. Wannan tambaya ce ta sa ta yi bakin hannun da irin saƙar da ke miƙewa har ta wuce gwiwar hannu, sannan ta koma ta kama wuyan hannu ba tare da ta saki ba, kuma a ganina a nan ƙwarewarta ta fi bayyana.

Game da zare ma ba ta ɓoye mini gaskiya ba. Ta ce yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa na roba ne, ya fi araha kuma ya fi jure wanki, amma na gashin tumaki ya fi riƙe ɗumi, sai dai ruwan zafi da cuɗa mai ƙarfi suna tsuke shi. Na zaɓi wanda aka gauraya biyun, ruwan toka, kuma ta sa na sayi duka ƙullin zaren a lokaci guda, domin launi ɗaya yakan bambanta idan ba rini ɗaya ba ne. Kafin ta fara, ta saƙa ɗan ƙyalle mai inci huɗu kowane gefe, ta wanke shi, ta sake aunawa, da shi ta yi lissafin faɗin rigar gaba ɗaya.

Inda ban ji daɗi ba shi ne alkawari. Ta ce mako uku, sai da aka yi shida, har Baba ya sha rabin hunturun da tsohuwar rigarsa, abin da ya dame ni ƙwarai. Haka kuma na tarar da bakin zare biyu a ƙarƙashin hammata da ba ta ɓoye ba, ko da yake ta gyara nan take ba ta karɓi ko kwabo ba. Kuɗin aikin da na zaren ya ninka na gwanjo kusan sau uku, kuma ban yi nadamar biya ba.

Wanda ke son irin wannan aiki ya kai tun watan Oktoba. Mun wanke rigar sau biyu da ruwan sanyi, muka shimfiɗa ta a kan tabarma a inuwa kamar yadda ta umarta, maimakon rataya a igiya, kuma har yanzu kafaɗa da hannu suna nan yadda aka auna su.