Arduino Starter Kit: littafin da ke ciki ya fi komai daraja

Duk wanda ya tambaye ni da me zai fara koyon lantarki da rubuta umarnin kwamfuta, wannan akwatin nake nuna masa. A ciki akwai allon Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni, da allon gwaji mai ramuka wanda ake soka wayoyi a kai ba sai an liƙa da dalma ba, da fitilun LED, rizistoci masu rage gudun wuta, ƙaramin inji mai juyawa da lantarki, servo (injin da ke juyawa ya tsaya daidai inda aka umarce shi), da sikirin mai layi biyu. Kayan nan ana samun irinsu a wurare da yawa. Abin da ya kama ni shi ne littafin, mai ayyuka 15.

Aikin farko ba a rubuta ko layi ɗaya na umarni. Maɓalli ne da fitila da rizista kawai, har sai ka gane dalilin sa rizista mai om 220: allon yana ba da volt 5, fitilar na cin kusan 2, saura kuma dole a rage ƙarfin gudunsa zuwa kusan miliyamfiya 14, in ba haka ba fitilar ta ƙone. Wallahi wannan bayanin kaɗai ya buɗe mini ido.

Na fi jin daɗin aikin na'urar auna zafi, TMP36. Ka riƙe ta da yatsu biyu, lambobi su fara hawa a kwamfuta. Uno ba ya ganin zafi, lamba yake gani daga 0 zuwa 1023, kai za ka mayar da ita volt, sannan digiri, kowane milivolt 10 digiri ɗaya. Lissafin da ake gudu a aji sai ga shi yana kunna fitila a gabanka.

Allon kansa, wanda asalinsa ya faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, ƙarami ne ƙwarai. Ƙwaƙwalwarsa ATmega328P tana da kilobayit 2 kacal na wurin aiki, kuma ba ya hawa intanet. Mai son haɗa na'ura da wayarsa sai ya nemi wani allo mai hawa intanet, kamar ESP32. Amma ga ɗan koyo ina ganin ƙarancin nan alheri ne, don yana tilasta maka sanin inda kowane bayani yake zaune. Ka dai sayi mitar auna wutar lantarki (multimeter) daban, don babu ita a akwatin, kuma za ka buƙace ta tun ranar da wata waya ta ƙi kai wuta.