Manhajojin da ke zaɓo wa mai bincike maƙala: abin da suke gani da abin da ke wuce su a Damagaram

Ɗalibin mastar a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da zarar an amince da batun memuwar ɗinsa, abin da malami zai fara nema a wurinsa shi ne bitar abin da aka riga aka rubuta. A nan manhajojin ba da shawarar karatu suke shigowa: ka nuna musu maƙala ɗaya, su jero maka ashirin masu kama da ita. Guda huɗu za a auna a nan, kuma duk ana shigarsu ba tare da biyan kuɗi ba: Google Scholar, Semantic Scholar, Connected Papers da CORE. A kan abin da aka buga da Ingilishi a manyan mujallu, aikinsu ba shi da makusa. Idan aka zo kan abin da aka rubuta da Faransanci game da Nijar kuwa, da ido ɗaya suke kallo, kuma ba za su faɗa maka ba.

Da me suke auna kamanni? Hanya uku ce. Ta farko kalmomi: manhaja ta karanta take da tsakure, ta nemo maƙalun da ke magana da irin wannan bakin. Ta biyu manazarta. Idan maƙalu biyu sun kafa hujja da rubuce-rubuce iri ɗaya, ana ɗauka batunsu ɗaya. Wani masani mai suna Kessler ya bayyana wannan dabara tun 1963. Idan kuma marubuta daban-daban suna yawan ambaton wasu maƙalu biyu a jeri guda, shi ma alama ce, awon da Henry Small ya fito da shi a 1973. Ta uku sawun masu karatu: waɗanda suka buɗe wannan, sun kuma buɗe waccan. Manyan jami'o'i na samun wannan ta bX na kamfanin Ex Libris, amma saye ake yi, kuma sai an tara sawu mai yawan gaske kafin ta yi ma'ana, don haka ba ita ce a gabanmu ba. Dukan hanyoyin ukun suna da sharaɗi guda: takardar ta riga ta shiga rumbun, da take da tsakure da jerin manazarta waɗanda na'ura ke iya karantawa. Manhajar kamar dillali take a kasuwar dabbobi, abin da ke ɗaure a turkensa shi zai nuna maka, ko da ragon da ya fi kyau yana bayan rumfa.

A ɗauki batun da ɗaliban labarin ƙasa da na noma suke yawan zaɓa, wato sassaben zamani da dawowar gawo a gonakin Magariya, Matamai da Mirya. Maƙalar da kusan kowa ke farawa da ita ita ce ta Reij da Tappan da Smale, wadda cibiyar IFPRI ta fitar a 2009, inda aka kawo ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar. Da ita za a gwada kowace manhaja.

Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, shi ne mafi sauƙi ga mai wayar hannu da rezo mai rauni. Shafinsa rubutu ne zalla, ba ya cin mega. Ƙarƙashin kowane sakamako akwai mahaɗi biyu masu amfani. Idan shafin na Faransanci ne, za ka ga "Autres articles" da kuma "Cité", da adadin ambato a gabansa. Na farkon yakan kawo maƙalu masu kama, amma ya fi jawo waɗanda aka fi ambata, saboda yawan ambato na da nauyi sosai a lissafinsa. Sakamakon haka, tsofaffin sanannu kullum suna sama, sabon aiki daga Maraɗi ko Yamai yana can shafi na takwas inda ba mai zuwa. Na biyun ya fi daraja, ga wanda ya san sirrinsa: idan ka buɗe jerin waɗanda suka ambaci maƙalar, akwai ɗan akwati a sama da za ka danna domin neman kalma a cikin wannan jerin kawai. Danna shi, rubuta Zinder, sai ɗaruruwan sakamako su koma ƴan kaɗan da suka taɓa yankinka da gaske. A cikin manhajojin huɗun, shi ne ya fi tsinto takardun Faransanci, daga rumbunan intanet irin su HAL da Cairn da OpenEdition da Persée. Aibinsa shi ne ba ya tace mujallu: ta kirki da ta ƴan damfara mai karɓar kuɗi ta buga kome cikin mako guda, duk a layi ɗaya suke fitowa. Sai ka duba sunan mujallar da kanka a shafukan da ke jera mujallun da aka tantance, DOAJ ko AJOL. Ka sani kuma ba ya nuna sama da sakamako 1,000 ga tambaya ɗaya, kome girman lambar da ya rubuta a sama. Shawarar da yake aikowa da kansa kuwa ta dogara da maƙalun da kai ka wallafa, to ɗalibin da bai buga kome ba sai ya haƙura da saƙon faɗakarwa ta imel a kan kalmomin da ya zaɓa.

Connected Papers, wanda ya fito a 2020, shi ne mai ɗaukar ido. Ka ba shi take ko lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, ya zana maka taswira mai ɗigo-ɗigo. Girman ɗigo yawan ambato ne, duhun launi sabuntar shekara, kusanci kuma kamanni. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka layin da ya haɗa ɗigo biyu yana nufin wannan ta ambaci waccan. Ba haka ba ne. Awon Kessler da na Small ne ke aiki, don haka maƙalu biyu da ba su taɓa ambaton juna ba suna iya zama dab da juna. Maɓallin "Prior works" yana nuna tushen da yawancin maƙalun taswirar suka dogara a kai, kuma wannan shi ne abu mafi amfani a duk shafin ga wanda ya shigo fage sabo: cikin minti goma ka san sunayen da malami zai tambaye ka a ranar kare memuwar. Amma a kan batun gawo, abin da galibi zai cika taswirar shi ne aikin Ingilishi kan korewar Sahel ta hoton tauraron ɗan adam da ramukan zai na Burkina Faso. Duk suna da amfani, sai dai Matamai ba ta ciki sosai. Kyautar ma taswira ƴan kaɗan ce a wata, saboda haka kada ka ɓata su a gwaji, kuma a fuskar waya ɗigon sukan cakuɗe har a rasa na dannawa. Aikin kwamfuta ne.

Rumbun da Connected Papers ke ɗiba daga ciki na Semantic Scholar ne, wanda cibiyar Allen ta Amurka ta buɗe a 2015, kuma ya tara maƙalu sama da miliyan 200. Raunin ɗaya raunin ɗayan ne: Ingilishi suka fi mayar wa hankali. Abin da Semantic Scholar ya fi sauran da shi shi ne "Research Feeds". Ka buɗe asusu, ka yi jaka da sunan batunka, ka zuba maƙalu aƙalla biyar da ka tabbatar sun dace, ka kunna shawara. Daga nan duk abin da ya kawo wanda bai dace ba, ka danna masa alamar ƙi. Da ƙin yake koyo, kamar yadda yake koyo da so. Inda ake lalata shi: a zuba maƙalun gawo da na ruwan ƙarƙashin ƙasa na Gogo da na kiwo duk a jaka guda. Manhajar za ta nemi tsakiyar batutuwan uku, ta kawo abin da bai yi wa ko ɗaya amfani ba. Batu ɗaya, jaka ɗaya. Kuma sabbin maƙalu yake kawowa, ba na shekarun baya ba, don haka ya fi dacewa da mai digirin dokta da malamin da ke bin fagensa shekara da shekaru, ba wanda zai miƙa memuwar bayan wata huɗu ba.

CORE na jami'ar Open University ta Ingila ba shi da ƙyalƙyali, shawararsa ma ba ta kai ta sauran kaifi ba. Abu ɗaya ya sa yake cikin wannan jeri: daga rumbunan jami'o'i yake tattaro takardu, kuma abin da ya ba ka shawara a kai, akwai cikakken rubutunsa kyauta. Wanda ya taɓa bin shawara goma ya tarar tara na neman katin banki, ya san darajar wannan.

Yanzu ga abin da ke wuce su duka. Sunan gawo a kimiyyance yau Faidherbia albida ne, amma tsofaffin masu binciken Faransa Acacia albida suka rubuta shekaru da yawa. Sassaben zamani kuwa, mai rubutu da Faransanci RNA yake ce masa, mai Ingilishi FMNR. Mirya tana fitowa a Mirriah, Myrriah da Miria. Matamai wani lokaci Matameye, wani lokaci a ƙarƙashin Kantché. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana raba rubuce-rubucen gida biyu, kuma manhajar da ke auna kalmomi ba lallai ta gane abu ɗaya ba ne. Maganin ba wuya: a Google Scholar rubuta "Faidherbia albida" OR "Acacia albida" Zinder, da alamun zancen da OR ɗin da manyan baƙaƙe, sannan ka maimaita da Damagaram. A manhajojin shawara kuma kada ka fara da maƙala ɗaya. Fara da biyu, ɗaya ta Ingilishi ɗaya ta Faransanci, ka kwatanta abin da suka kawo. Inda jerin biyu suka haɗu, nan ne ƙashin bayan batun.

Akwai kuma abin da ko wannan dabarar ba ta isa. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 kan sassaben zamani a jihar Damagaram rahoton aiki ne, ba maƙalar mujalla ba, kuma irin waɗannan rahotanni su ne taswirar ambato ta fi tsallakewa. Littafin André Salifou na 1971 kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a jerin Études nigériennes, babu manhajar da za ta ɗora shi kusa da maƙalar noma, alhali mai son fahimtar abin da ake rawaitowa na kariyar da sarakunan Damagaram suka ba gawo sai ya leƙa tarihi. Waɗannan da hannu ake nemansu. Rumbun Horizon na cibiyar IRD, wadda har 1998 ake kira ORSTOM, yana cike da tsofaffin rahotanni kan ƙasa da ruwa da itatuwan Nijar. Mujallar Bois et Forêts des Tropiques ta CIRAD ta buɗe tsofaffin fitowarta kyauta. DICAMES na hukumar CAMES da theses.fr suna da kundayen digiri. Ka buɗe kundi ɗaya mai kyau, ka je shafukansa na ƙarshe, ka karanta jerin manazarta layi-layi da biro a hannu; a batun gida, wannan har gobe ya fi kowace taswira.

Idan shawara ta kai ka ga maƙalar kuɗi, kada ka tsaya nan. Nijar na cikin rukunin ƙasashen da Research4Life ke ba damar shiga kyauta, ta AGORA ga noma da Hinari ga lafiya, amma da sunan cibiya ake rajista, don haka ma'aikacin laburare za ka tambaya. Unpaywall kuma ƙaramin ƙari ne a burauza da ke nuna kwafin halal idan akwai. Duk abin da ka samu, sauke shi nan take cikin Zotero, manhajar adana maƙalu da manazarta, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Ma'ajiyarsa ta intanet mega 300 ce kyauta, amma a kan kwamfutarka babu iyaka, kuma yana sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujalla ta janye.

Saura laifin da ke wajenmu. Memuwar da tez da ake karewa a nan ba sa fitowa a shawara, mafi yawa ba don an raina su ba, sai don yadda ake ajiye su. Kundin da aka ɗauki hotonsa da waya aka mayar PDF, a wurin na'ura hoto ne kawai, babu harafi ko ɗaya. Google Scholar ya rubuta sharuɗɗansa a fili: PDF mai rubutun da ake iya nema, kada ya wuce mega 5, take da rubutu mai girma a saman shafin farko, sunan marubuci a ƙarƙashinsa, jerin manazarta a ƙarshe da takensa a rubuce a sama. Memuwar mai hotunan gona arba'in da ba a rage musu nauyi ba takan zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. A fitar da PDF kai tsaye daga Word, a matse hotuna, a sa tsakure biyu, na Faransanci da na Ingilishi, da sunan kimiyya tsoho da sabo a cikin muhimman kalmomi. Laburaren da ya kafa rumbu a kan manhajar DSpace, wadda kyauta ce, yana iya yi masa rajista da CORE domin a riƙa kwasar bayanansa, ya kuma ɗora akwatin shawarar CORE a shafin kowane kundi.