Na kai sunan Nuraiza rumfar wani marubuci a Kurmi

Malamar Islamiyyarsu ce ta tayar da maganar. Ta ce kowane yaro ya je gida ya tambayo ma'anar sunansa, ranar Asabar ya zo ya faɗa a gaban aji. 'Yar ƙanena mai shekara 6 ta tambayi uwarta, uwar ta tura ta wurin babanta, baban ya ce a kira Gwaggo a waya. Ni ce Gwaggon, kuma ina wurin daren da aka haɗa sunan, shi ya sa abin ya faɗo kaina.

Sunanta na yanka sunan mahaifiyarmu ne, don haka ba zan rubuta shi a nan ba, kamar yadda ba mai iya kiransa a gidanmu. Dole a yi alkunya. Wasu gidajen sai su ce Ummi ko Mama ko Walida a wuce wurin. Mu kuwa maijego ta ce Nur take so, ƙanena ya ce shi Fa'iza ya daɗe yana sha'awa. Kwana 6 ana ja-in-ja cikin raha. Daren suna muna zaune muna ƙulla alewa da cincin a leda, sai ƙanwar maijego ta ce to a haɗa mana, a ce Nuraiza. Aka maimaita sau biyu sau uku, ya yi daɗi a baki, ya bi ta har yau. Ba wanda ya buɗe littafi, ba wanda ya tambayi malami.

Da maganar makaranta ta taso sai na ga dama ce in yi mata kyautar da za ta ajiye, wato firam mai sunanta da ma'anarsa. Na fara da wata mai sayar da irin waɗannan a Instagram. Na tura suna ranar Litinin, Laraba da yamma ɗan saƙo ya kawo. Sauri kam ta yi, kuma firam ɗin yana sheƙi. An buga sunan da Larabci da ruwan zinare, a ƙasa an rubuta cewa asalinsa Larabci ne, ma'anarsa "hasken Aljanna". Karatuna bai yi nisa ba, amma na san Aljanna da jim ake rubuta ta, kuma ban ga jim a sunan ba. Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce haka yake a intanet. Raina bai kwanta ba. Yarinya za ta tsaya gaban malamarta ta faɗi abin da za ta riƙe har girmanta, ban yarda in ɗora mata shaci-faɗi ba.

Ranar Alhamis na hau adaidaita zuwa Kurmi. Duk wanda ya san kasuwar ya san lungunanta, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ciniki a wurin, kuma mutum biyu ba sa jerawa a wasu hanyoyin sai ɗaya ya karkace. A ɓangaren masu littattafan addini na tambayi mai rubutun hannu, wani yaro ya raka ni rumfar wani dattijo. Ba allon talla, ba suna a ƙofa. Tabarma ce da ɗan teburi, da kwalaben tawada, da alƙaluman kara a cikin gwangwani, sai allunan zayyana guda uku jingine da bango suna jiran masu sauka.

Bayan mun gaisa na miƙa masa firam ɗin farko. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wa ya raɗa sunan nan?"

Na ba shi labarin daren suna tun daga farko. Ya saurara bai katse ni ba, kuma wannan kaɗai ya sa na ji na zo inda ya dace. Sai ya nuna mini rubutun da ɗan yatsa. Mai firam ɗin ta rubuta nun, ra, ya, zaira, ta kuri. Ya ce: "Sun ce haske, amma sun jefar da wau. Nur kuwa nun ne da wau da ra. In babu wau, babu hasken."

Daga nan ya shiga bayanin da ya sa nake rubuta wannan. Ya ce kunnenmu ne yake ɗaukar sunan a matsayin Larabci saboda ya hau ma'aunin da Larabawa suke ƙanƙanta suna da shi, abin da malamai ke kira tasgiri. A kansa Zubaida take, da Nusaiba, da Sumayya, da Ruƙayya. Duk sunan da ya zo da wannan kari sai mu ji kamar na Sahabbai ne. Amma in aka bi ma'aunin da gaske, to tushen Nuraiza zai zama nun, ra, zaira, kuma nan gizo ke saƙar. Malaman lugga na da, irin su Jawaliƙi na Bagadaza, sun kafa ƙa'ida cewa kalmar da ta fara da nun ra na biye da shi ba 'yar asalin Larabci ba ce, aro ce. Misalin da ya ba ni shi ne narjis, sunan wani fure.

Bai tsaya a baki ba. Ya aiki ɗansa rumfar maƙwabcinsa ya aro juzu'i ɗaya na Lisanul Arab, ƙamus ɗin Ibn Manzur wanda ya rasu a 1311. Na yi zaton harafin nun zai nema, sai na ga ya buɗe babin zaira, ashe littafin da harafin ƙarshe yake jera kalmomi. A ƙarƙashin wannan tushe ya nuna mini Nairuz, kalmar Farisa mai nufin sabuwar rana, wato bikin sabuwar shekarar mutanen Iran da ake yi wajen 21 ga Maris. Ya ce ba wanda ya nufi wannan a gidanku, don haka ba zan rubuta mata shi ba, amma ya kamata ki san inda rubutun wancan firam ɗin yake kai mutum.

Na tambaye shi to in ana son ƙanƙanta haske fa, ai sai a gyara sunan ya koma can. Ya girgiza kai. Ya ce tasgirin Nur shi ne Nuwair, in kuma aka ƙara ta kuri aka ce Nuwaira to an koma tasgirin nar, wato wuta. Harafi ɗaya ne tsakani. Na yi shiru, don na tuna yadda muke tsintar sunaye a fina-finai da waya muna raɗa wa 'ya'ya saboda daɗin amo kawai.

Rabin sunan na biyu ma ya bi shi. Fa'iza daga fauz take, samun rabo da tsira, kalmar da ke yawan zuwa a Alƙur'ani. Amma nauyin kalmar yana kan fa, mu kuwa fa ɗin muka yanke. Abin da ya rage, "iza", ba ya tsayawa da ƙafarsa a Larabci. Ya ce mafi kusa da shi a amo shi ne izza mai ain da shadda, ɗaukaka ke nan, kuma ya ga alhazan Maleshiya da Indonesiya a Makka suna yawan sa Nur a gaban sunayen 'ya'yansu. Wannan na tabbatar da shi daga baya, don babbar 'yar Anwar Ibrahim, wanda ya zama firaministan Maleshiya a 2022, sunanta Nurul Izzah, ita ma 'yar siyasa ce. To da a ce wani ya ji Nuraiza ya fassara shi da hasken ɗaukaka, yana da ɗan abin kamawa. Sai dai malamin ya ce shi ba zai ce asalinsa ke nan ba, tunda na riga na gaya masa asalinsa da bakina.

Abin da ya fi taɓa ni ya zo ne da na tambaye shi kai tsaye ko mun yi laifi, ko a canza. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunaye masu mummunar ma'ana ko masu yabon kai: ya mayar da Barra ta zama Zainab, ya mayar da mai suna Asiya da sodi, wato mai saɓo, ta zama Jamila. Wannan kuwa ba muni a cikinsa, kuma laƙabi ne, sunan yanka yana nan daram. Sannan ya ce:

"Hajiya, kakanninmu ma ƙamus suka duba kafin su ce Tanko? Namiji ne ya zo bayan mata. Kande mace ce bayan maza. Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba, Azumi a watan azumi ta zo, Talatu ran Talata. Kowanne labarin haihuwarsa yake ɗauke da shi. Wannan ma labari ne: uwa ta so haske, uba ya so rabo, aka ƙi ɓata wa kowa. Shi za mu rubuta."

Haka aka yi. Ya ce a rubuta sunan da nun, wau, ra, alif, hamza, zaira, ta kuri. Ta haka Nur ta fito cikakkiya, wutsiyar Fa'iza ma ta fito yadda take, mai karatu a hankali zai ce Nura'iza ya ji inda aka yi ɗinkin. A ƙasa ba a sa "ma'ana" ba. An sa layi biyu, Nur haske, Fa'iza mai rabo, da ajami da boko, bokon ɗansa ne ya rubuta.

Aikin hannun kuwa, tsakani da Allah, ban ga abin kushewa ba. Rubutun irin namu ne na makarantar allo, mai kauri, wanda fa ɗinsa ɗigo ɗaya ne a ƙasa. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulan da ja, hamzar kuma ɗigo ne ruwan ɗorawa kamar yadda ake yi a Alƙur'anin hannu. Ya kewaye shi da zayyana siririya, ja da kore, bai cika ta ba har ta danne sunan. Takardar mai kauri ce, tawadar ba ta naso ba. In ka karkata shi a haske kana ganin inda alƙalami ya sake shan tawada, abin da injin bugu ba zai taɓa ba ka ba.

Inda na samu cikas kuma zan faɗa, don mai niyyar zuwa ya shirya. An ce mini mako ɗaya, sai da aka yi kwana 12. Na je sau biyu na dawo hannu wofi, na farko an ce Malam ya tafi jana'iza, na biyu an ce masu sauka sun matsa a gama allunansu. Uzuri ne na gaskiya, amma da an ɗaga waya da ban ɓata kuɗin mota ba, lambar ɗan ce kuma ba kullum take shiga ba. Ba a karɓar tiransifa, sai tsabar kuɗi. Firam ɗin katakon da suka sa shi ne mafi rauni a aikin: kusurwa ɗaya ba ta haɗu da kyau ba, ƙugiyar ratayewa kuma ƙaramar ƙusa ce da na san ba za ta daɗe ba. Na kai wa mai gilashi a unguwarmu ya sake masa gida. Shawarata ita ce a karɓi rubutun zalla, a yi firam a wani wuri. Wurin zama ma babu sosai, mace in za ta je gara ta tafi da safe kafin kasuwa ta cika.

Na biya naira 15,000 har da firam. Na Instagram ɗin naira 12,000 ne. Bayanin da ya ɗauke shi kusan awa guda, har da aron ƙamus, bai sa masa kuɗi ba, da na ƙara masa wani abu a kai sai da na yi ta roƙo kafin ya karɓa. Wanda yake son a gaya masa sunan 'yarsa na nufin gimbiya ko furen Aljanna ko da ba haka ba ne, wannan rumfa ba tasa ba ce, dattijon ba zai rubuta ba. Wanda kuma yake da suna a hannu yana shakka, musamman kafin ranar suna, ya je tun da sauran kwanaki. Mu da mun je tun makon sunan da an rubuta sunan daidai tun farko.

Ranar Asabar ɗin ba ta je da firam ba, tunda bai samu ba. Daren Juma'a na zaunar da ita na koya mata abin da za ta faɗa, ta je ta ce sunanta biyu ne aka haɗa, haske na Mamanta, rabo na Babanta, sunanta na gaskiya kuma na Hajiya kakarta ne. Uwarta ta ce malamar ta sa ta maimaita don 'yan baya su ji.

Da aikin ya iso na fara kai wa mahaifiyarmu ta gani. Ta sa aka karanta mata, na ba ta labarin wau da fa, da yadda "iza" ba ta da gindi a Larabci. Ta ce su Larabawa ne ba su da ita, mu ai muna iza wuta in ta yi sanyi, a tura itace ciki ta haska. Ta shafa kan takwararta ta sa mata albarka. Yanzu yana rataye a ɗakinsu saitin gadonta, kuma ta iya nuna wau ɗin da yatsa.