Muse 2 da sauraron kiɗa: abin da take gani da abin da ya fi ƙarfinta

Muse 2 ɗan kambu ne mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa da kamfanin InteraXon na birnin Toronto a Kanada ya fitar a 2018. Ana ɗora shi a goshi, ƙafafunsa su zagaya bayan kunne kamar na tabarau. Don masu zaman natsuwa aka ƙera na'urar, amma wasu na sayenta ne su ga yadda ƙwaƙwalwa ke juyawa idan kiɗa ya tashi daga sanyi zuwa zafi, ko ya sa tsigar jiki ta tashi. A wannan aikin, rabin hanya take kai mutum.

Wurare huɗu take ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa: AF7 da AF8 a goshi, TP9 da TP10 a bayan kunnuwa, sai na tsakiyar goshi da ake gwada sauran da shi. Awo 256 take yi a sakan guda, tana kuma ƙirga bugun zuciya da ɗan haske a goshi. Manhajar kamfanin ta fi ba ka maki. Mai son ɗanyen bayani ya nemi manhajar Mind Monitor, wadda ke fitar da fayil ɗin CSV, wato jadawalin lambobi.

Shiri shi ne rabin aikin. A goge man shafawa daga goshi, a ɗan jiƙa bayan kunne da ruwa, a ture gashi ko bakin ɗankwali, a jira wuraren huɗu su nuna sun kama. A yi minti biyu shiru, ido a rufe, domin da wannan za a auna duk abin da ya biyo baya. Kiɗan ya fito ta lasifika, don babban abin sauraro na kunne yana danne TP9 da TP10. Wani na gefe ya riƙa danna alama idan mai sauraro ya ɗaga yatsa don nuna tsigar jikinsa ta tashi.

Babbar matsalar ita ce jiki ba ya zama shiru ga kiɗa mai daɗi. Ƙifta ido, haɗiyar yawu, cije haƙora, gyaɗa kai ga ganga, kowannensu ya fi siginar ƙwaƙwalwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Sau da yawa tsallen da ka gani a allo daidai amshin waƙa, muƙamuƙi ne ya motsa. Dole a yanke waɗannan wuraren, ga shi kuwa nan ne shauƙin ya fi yawa.

Abin da na'urar ta iya shi ne igiyar alfa, wani nau'in lantarkin ƙwaƙwalwa mai kaɗawa sau 8 zuwa 12 a sakan. Akan kwatanta ƙarfinta a AF7 (hagu) da AF8 (dama), bin hanyar da masanin ƙwaƙwalwa Richard Davidson ya shahara da ita: ƙarancin alfa a hagu na tafiya da kusantar abu, a dama kuma da ja da baya. Amma sai an tara sakan talatin zuwa minti ɗaya, an kuma maimaita, kafin a yarda da lissafin. Waƙa kuwa na iya sauya zuciya cikin sakan uku.

Ainihin daɗin yana can cikin ƙwaƙwalwa. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre na Jami'ar McGill a Montreal sun nuna sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, na fita a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira caudate lokacin da ake jiran gaɓar da aka fi so, sannan a wani sashen, nucleus accumbens, idan ta iso. Da na'urorin ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa, PET da fMRI, suka gano haka. Kambun goshi ba ya leƙa wannan zurfin, ko da an saita shi yadda ya kamata.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai alfa na hawa da zarar an rufe ido, ya saya, TP9 da TP10 sun fi nuna hakan sarai. Mai bin sawun tashin tsigar jiki gaɓa-gaɓa kuwa, zai fi ƙaruwa da bugun zuciyar da take ƙirgawa, ya haɗa da abin auna gumin yatsa.